Kunne Ɗaya Ga Littafi, Ɗaya Ga Gida

Duk wanda ya taɓa riƙon gida ya san cewa abin da aure da haihuwa suke fara cinyewa a rayuwar mai ilmi shi ne karatu. Ga mace nan, tun tana 'yar makaranta ba a raba ta da littafi, har uwarta kan yi mata faɗa don ta bar miya ta ƙone tana can ƙuryar ɗaki ta duƙufa a kan labari. Yau ga ta da 'ya'ya huɗu da aikin koyarwa. Tun da assalatu take tashi, ta hura wuta, ta dama koko, ta yi wa ƙananan wanka, ta nemo takalmin wannan, ta rataya wa wancan jaka, kana ta saɓi mayafi ta nufi wurin aiki. In ta komo ga girki, ga wanki, ga takardun ɗalibai suna jiran a duba su. Kafin ta sami zama dare ya yi nisa, in kuwa ta yi ƙarfin hali ta buɗe littafi, ba ta kai ƙarshen shafi sai barci, ɓarawo, ya sace ta.

Maigida ma bai tsira ba. Ma'aikacin da ke kwana a Nyanya ko Mararaba yana aiki cikin Abuja, da ɗan kasuwar da ke zaune a Agege yana fama da cunkoson motocin Ikko, duk sukan bar gida yara ba su gama farkawa ba, su komo an yi sallar isha'i. Littattafan da aka saya da ɗoki suna can bisa kabad sun sha ƙura, gara tana yi musu barazana.

To, a 'yan shekarun nan wata dabara ta shigo gidaje, ta fara mayar wa irin waɗannan iyaye abin da ya kuɓuce musu, watau sauraron littafi. Wani mai murya ne zai zauna ya karanta littafi tun daga farko har ƙarshe, a naɗi muryarsa, mai bukata kuma ya saukar da ita cikin wayarsa ta hannu, ya riƙa ji yana aikinsa. Hannu na cikin kumfar sabulu, kunne na cikin labari. Mutane da yawa sun karɓi wannan dabara hannu bibbiyu, kuma sun yi daidai, gama alheri ce. Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Abin da wannan fili zai duba a makon nan shi ne inda alherin yake da kuma inda iyakarsa take, domin kunnen da littafi ke neman a ba shi aro, shi ne dai kunnen da 'ya'ya suka riga suka mallaka.

ASALIN ABIN

A 1877 ne Thomas Edison, mutumin Amurka, ya ƙera na'urar farko mai naɗar murya ta kuma maimaita ta, kakar garmaho ke nan. Shekara guda bayan haka, da yake lissafa amfanin da yake hangen za a yi da ita, ya ambaci littattafai masu magana domin makafi. Sai da aka yi fiye da shekara 50 kafin wannan hange ya tabbata, saboda abin naɗar muryar wancan zamani 'yan mintoci kaɗan yake ɗauka. A 1934 aka fara rarraba wa makafi littattafai a kan faifai a Amurka ta hannun babban ɗakin karatu na majalisar dokokin ƙasar. A 1935 Ingila ta bi sahu, kuma sojojin da suka rasa idanunsu a Yaƙin Duniya na Farko suna cikin waɗanda aka fara yin aikin dominsu.

Kaset ne ya fito da abin daga hannun makafi ya kai shi hannun kowa da kowa. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, kamfanin Sony kuma ya kawo 'yar rikodar nan ta aljihu mai suna Walkman a 1979. Ana cikin haka, a 1975, wani mutumin Kalifoniya mai suna Duvall Hecht, wanda doguwar tafiyar mota zuwa ofis kullum ta gundure shi, ya kafa kamfanin ba da hayar littattafai a kaset. Shi lafiyar idonsa lau, lokaci ne ba shi da shi, kuma tun daga ranar masu fama da irin ciwonsa su ne manyan masu sayen wannan haja. Da intanet ta zo sai aka huta da ɗaukar kaset. An kafa kamfanin Audible a 1995, Amazon ya saye shi a 2008, sa'an nan a 2005 wasu masu aikin sa kai suka kafa LibriVox, inda ake karanta tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare a ba duniya kyauta. Sai dai akasarin abin da ke waɗannan rumbuna da Turanci yake da sauran harsunan Turai.

BAHAUSHE DA KARATUN KUNNE

Na'urar ce baƙuwa, amma shan ilmi ta kunne daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa, shi ya sa ma aka ce kunne ya girmi kaka. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta fuskanci ainihin wannan matsala ta iyaye masu hidima, ta kuma samo mata magani. Matan aure masu goyo da aikin gida ba su iya barin ƙauyukansu su zo ɗaukar karatu. Saboda haka sai dattijai mata da 'yan mata, a ƙarƙashin shugabarsu da ake kira jaji, su yi tattaki zuwa wurinta, su ɗauko waƙoƙin ilmi da ta tsara, su komo su rera wa waɗanda suka bari a gida. Su ne 'Yan Taru. Mace tana bakin turmi ko tana kaɗi, ilmi yana shiga kunnenta. Haka nan a makarantun zaure, malami ke karantawa yana fassarawa, magidanta suna zaune suna saurare. Malam Aliyu Namangi na Zariya kuwa makaho ne, amma waƙoƙinsa na Imfiraji sun zaga ƙasa a bakin masu rerawa, dubban mutanen da ba su taɓa riƙe bugaggen littafin ba sun haddace su.

Zuwan boko bai kawar da wannan al'ada ba. Lokacin da littattafan gasar 1933 suka fito, su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ganɗoki na Bello Kagara, masu iya karatun boko ƙalilan ne. Ɗan makaranta guda ke karantawa a dandali ko a zaure, jama'a sun kewaye shi. Haka aka riƙa yi wa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo bayan fitowarta a 1939. Daga nan rediyo ya karɓi aikin: sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, har akwatin rediyo ya zama abokin manomi da makiyayi da matar kulle. A yau tashoshi da dama a Arewa suna karanta littattafan hikaya ga masu sauraro, kuma labaran da suka yi fice a gasar Hikayata, wadda BBC ta fara shirya wa mata marubuta a 2016, akan karanta su a rediyo. A YouTube da WhatsApp kuwa littattafan Hausa da aka naɗa ba su ƙidayuwa.

Akwai ma wani dalili da ya sa Hausa ta fi daɗi a kunne. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Garin da ake zama cikinsa da garin da ake tuƙa tuwo da shi rubutunsu ɗaya, haka kukan yaro da kukar miya. Gwanin karatu ya riga ya warware wa mai sauraro wannan ƙulli da muryarsa. Shi ya sa kuma littafin da aka ba na'ura mai kwaikwayon muryar mutum ta karanta, in ba a horar da ita da kyau a kan Hausa ba, yakan zama abin dariya ko abin ciwon kai. Mai neman littafin sauraro ya fara ɗanɗana muryar na 'yan mintoci tukuna, domin zai yi sa'o'i yana tare da ita.

JI DA GANI

Wasu iyaye sukan ji kunyar cewa sun karanta littafin da suka saurara, kamar wanda ya ci jarrabawa da satar amsa. Masana sun bincika wannan al'amari. A 2016 Beth Rogowsky da abokan aikinta a Amurka suka raba manya 91 gida uku: kashi ɗaya suka saurari wani yanki na littafi, kashi ɗaya suka karanta shi, kashi na uku suka haɗa ji da gani. Da aka yi musu tambayoyi nan take, aka kuma sake yi musu bayan mako biyu, ba a sami wani bambanci na a zo a gani ba a tsakaninsu. A 2019 kuma masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka sa mutum tara cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka ba su labarai iri ɗaya, sau ɗaya ta kunne, sau ɗaya ta ido. Sassan ƙwaƙwalwar da ke sarrafa ma'ana sun motsa kusan iri ɗaya a duka biyun. Watau ƙofa ce biyu, ɗakin guda ne.

Amma akwai wani binciken da ya kamata a ajiye kusa da waɗannan. A 2010 David Daniel da William Woody suka ba ɗaliban jami'a darasi, wasu a rubuce, wasu a murya, waɗanda suka saurara kuwa suka faɗi ƙasa sosai a jarrabawar da ta biyo baya. Dalilin a fili yake. Ido in ya yi tuntuɓe da jimla mai wuya yakan koma baya da kansa ya sake bi, murya kuwa ba ta jiran kowa, kamar ruwan kogi take. Saboda haka hikaya, da tarihi, da labarin rayuwar mutane, da nasihohi, duk suna tafiya lafiya ta kunne. Littafin lissafi, da na shari'a, da na jarrabawar ƙarin girma a wurin aiki, su sai an zauna da alƙalami a hannu.

Haka kuma ba kowane aiki ke yarda a haɗa shi da sauraro ba. Aikin da hannu ya riga ya haddace, irin su wanki, da guga, da shara, da tsintar wake, da wanke-wanke, da zama cikin motar haya, ba ya gasa da labari. Aikin da ke bukatar kalmomi ko lambobi kuwa, irin su lissafin cinikin yini, ko duba takardun ɗalibai, ko rubuta wasiƙa, ba ya haɗuwa da shi ko kaɗan, gama ba a gudu ana susar takashi. Wanda ya gwada zai tarar ya ɓata lissafin, labarin kuma ya wuce shi.

In aka zaɓi littafin da ya dace da aikin da ya dace, ribar tana da yawa. Mai karatu a bayyane yakan furta kalma wajen 150 a minti guda, watau kimanin 9,000 a sa'a. Uwar da ta ba littafi rabin sa'a kawai a yini, kwana shida a mako, ta tara sa'a uku ke nan. A shekara ta tara sa'a 156. In kowane littafi yana cin sa'a goma, ta gama littafi 15, ita da ta yi shekara biyar ba ta kai ƙarshen ko guda ba. Kuɗin ma da sauƙi: sa'a guda ta murya zalla ba ta cika wuce megabayit 30 ba, alhali bidiyo yana cin ninkin haka sau da yawa. Wanda ya saukar da littafin sau ɗaya ya ajiye a waya, ya huta da neman sabis da ƙarewar data. Bayan ilmin da za a samu, akwai kuma hutun rai. Macen da ta wuni ba ta yi magana da kowa ba sai 'yan shekara biyu da huɗu, muryar babban mutum mai ba da labari mai ma'ana tana rage mata kaɗaici, tana kuma tuna mata cewa ita ma mai hankali ce da tunani, bayan kasancewarta mai dafa abinci.

KUNNEN UWA MAI GADI NE

Ga inda gizo ke saƙar. Uwa tana iya juya wa ɗanta baya tana tuƙa tuwo, hankalinta kwance, saboda kunnenta yana tsaye yana gadi. Ta san kukan yunwa, ta san na rigima, ta san na wanda ya ji ciwo. Abin da ya fi wannan muhimmanci, ta san shiru. Duk macen da ta yi goyo ta san cewa yaro mai rarrafe in ya yi tsit, to, akwai abin da yake aikatawa: ko ya sami kwalbar kananzir, ko ya nufi murhu, ko ya leƙa bokitin ruwa. Ƙaramin yaro yana iya nitsewa cikin ruwan da bai kai tsawon hannu ba, kuma ba ya ihu in hakan ta faru. Uwar da ta toshe kunnuwanta biyu da 'yar na'urar nan da samari ke kira iyafis za ta iya jin ƙarar kuka in ya yi tsanani, amma ba za ta ji shiru ba. Mai gadi ya bar bakin ƙofa ke nan.

Wannan haɗarin jiki ne, kuma kowa na iya ganinsa. Akwai wani wanda ba a gani, sai bayan shekaru ake girbarsa. A ɗauki misalin yarinya 'yar shekara biyar da ta zo da takarda a hannu tana cewa, "Umma, kin ga abin da na zana?" Umma tana tsakiyar babi, an kai inda asirin kishiya zai tonu, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Ina zuwa." Yarinya ta sake kira, aka sake ce mata ana zuwa. A karo na uku ba ta kira ba, ta ninke takardarta ta koma waje. Ba a zage ta ba, ba a doke ta ba, amma ta koyi darasi, kuma in aka maimaita mata shi sau ɗari za ta haddace. Ranar da ta kai shekara goma sha biyar, wani abu mai nauyi ya same ta a hanyar makaranta, wannan darasin ne zai hana ta buɗe baki. Haka uban da ya iso ƙofar gida ya zauna cikin mota yana jiran babi ya ƙare, yara suna leƙensa ta taga suna cewa Baba ya dawo, shi ma yana koyar da irin wannan darasi.

Masana halayyar yara sun daɗe da gane haka. A 1975 Edward Tronick ya nuna wani gwaji da ya shahara: uwa tana wasa da jaririnta, sai a umarce ta ta daskarar da fuska na ɗan lokaci, kada ta amsa masa komai. Nan da nan jaririn zai shiga neman hankalinta da murmushi da miƙa hannu, in abin ya ci tura ya kau da kai ya fashe da kuka. Fuskar mai sauraron labari da ya yi nisa cikinsa ba ta da nisa da wannan fuska. A 2018 kuma masu bincike a Amurka, ƙarƙashin Rachel Romeo, suka naɗi hirar gidajen yara 36 'yan shekara huɗu zuwa shida, suka gano cewa abin da ya fi tafiya tare da ƙarfin harshen yaro shi ne yawan musayar magana tsakaninsa da babba, ya faɗa a amsa masa, a faɗa ya amsa. Yawan kalmomin da ke zuba a kansa kawai bai kai wannan tasiri ba. Ashe gidan da murya ke tashi daga waya tun safe har dare yana iya zama gidan da ba a hira.

Maganin abin ba shi ne a jefar da littafin ba. Ƙa'ida ce za a kafa, a kuma tsare ta. Muddin akwai ƙaramin yaro a farke cikin gida, kunne ɗaya kawai za a ba littafi, ɗayan a bar shi a buɗe, muryar kuma a rage ta yadda za a ji motsin tsakar gida. In yaro ya yi magana, a tsayar da karatun, a cire abin daga kunne yana gani, a dube shi, sa'an nan a amsa. Littafi yana da haƙuri, inda aka bar shi nan za a same shi, yaro kuwa ba ya tsayawa inda aka bar shi. Akwai kuma lokutan da ba na littafi ba ne sam: lokacin yi wa jariri wanka, da lokacin suya yara suna kusa, da lokacin cin abinci tare, da sa'ar da yara suka komo daga makaranta bakinsu cike da labari, da lokacin kwanciyarsu. Mai tuƙin mota ya saki muryar ta lasifikar motar a hankali, ya kuma kashe ta in hanya ta rikice. Mai babur kuwa ya haƙura har ya sauka. Kunnen kansa ma amana ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarar da ta kai desibel 80 kada babba ya wuce sa'a 40 a mako yana jin ta, mai zama cikin hayaniyar tasha ko kasuwa kuwa yakan ƙure murya fiye da haka bai sani ba.

ABIN DA YARA KE JI, DA ABIN DA SUKE GANI

Wata uwar za ta ce ita ba ta toshe kunne, a fili take sakin muryar tana aikinta. Wannan ya fi, amma ya zo da tasa wuyar, domin bango ma yana da kunne, balle yaro. Littafin da aka buga a takarda yakan bi ta hannun mai gyara da maɗaba'a kafin ya fito kasuwa. Wanda aka rubuta a waya aka karanta a waya ba ya bin hannun kowa. A cikin labaran da ke yawo akwai nagari masu hikima, akwai na manya zalla, akwai kuma na batsa tsagwaronta waɗanda sunansu ba ya nuna abin da ke cikinsu. Yaron da ake zaton wasa yake yi da gwangwani yana kwashe kome, kuma wata rana a gaban baƙi zai maimaita. Littafin da za a saka a tsakar gida, lalle ne babba ya san shi tukuna.

Har wa yau, yaro da ido yake koyi. Wanda ya tashi yana ganin ubansa da littafi a hannu, shi ma zai ɗauki littafi ko da a juye ne. Wanda yake ganin uwarsa da waya, ba shi da hanyar sanin ko tarihin Daular Usmaniyya take saurare ko hirar banza, abin da ya sani kawai shi ne manya waya suke so. Don haka yana da kyau a gaya masa: littafi kaza nake ji, wane ne ya rubuta shi, ga abin da ya faru a ciki yau. In da hali a sayo na takardar a ajiye inda hannunsa zai kai. Sauraro yana ƙara wa yaro kalmomi da son labari, amma ba ya koya masa haɗa baƙi da wasali. Wannan sai a cinyar babba, yatsa yana bin layi. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara a 2014 cewa a riƙa karanta wa yaro littafi tun yana jariri, kuma muryar da ake nufi ta iyayensa ce. Minti goma na irin wannan zama babu na'urar da za ta biya shi.

Sayen littafin yana kuma sauke wani nauyin. Da yawa daga littattafan Hausa da ake karantawa a intanet ba a nemi izinin marubutansu ba, mai karantawa yana samun kuɗin talla, wadda ta yi watanni tana rubutu a tsakanin girki da goyo ba ta ga ko sisi. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Nijeriya a 2023 ta shafi abin da ake sakawa a intanet, amma kafin doka akwai tsoron cin haƙƙi. Mai sauraro ya fifita inda marubuci ya yarda aka karanta aikinsa, ko inda shi da kansa yake karantawa. Rijiyar da ake ɗiba ba a yasa, wata rana ƙafewa za ta yi.

A MAYAR DA LABARI GIDA

A da, in an ci tuwon dare, yara sukan taru gaban kaka ta buɗe musu taskar Gizo da Ƙoƙi. Yau aiki ya raba iyali, kaka tana ƙauye, jikoki suna birni a gidan haya mai ɗaki biyu, babu mai yi musu tatsuniya. Iyayen da ke sauraron littafi suna riƙe da abin da zai cike wannan gurbi, in sun so. Abin da uwa ta ji da hantsi tana wanki, ta tace shi ta ba yara da dare da bakinta, ta tsaya inda ya fi daɗi ta ce sai gobe. Abin da uba ya ji a cunkoson hanya na tarihin Kano ko na Barno, ya kawo shi gida tare da ƙosai ko lemon da ya sayo. Mai ba da labarin abin da ya ji ya fi riƙe shi, ga kuma musayar maganar nan da masana suka ce ita ke gina harshen yaro, domin ba a ba yaro labari bai yi tambaya ba. In an je ganin gida da salla kuma, wayar da ke ɗauke da littattafan baƙi tana iya naɗo muryar kaka tana tatsuniya, a komo da ita birni. Wannan littafi ne da babu kamfanin da ke sayar da shi, kuma ranar da aka wayi gari babu kaka, darajarsa ta wuce kuɗi.

Ma'aunin dai guda ne, kuma kowane uba da kowace uwa suna iya auna kansu da shi. Lokacin da littafi ya ci, daga ina aka yanko shi? In daga rabon wanki da guga da zaman mota ne, to, riba ce tsantsa, sai a ƙara himma. In kuwa daga rabon yaro ne, bashi aka ci, kuma irin bashin da ake biya da tsufa. Allah Ya ba iyaye ikon sauke nauyin da ke kansu, Ya kuma raya zuriya bisa son ilmi.